Kai da Fansar Kai a Tarihin Ƙasar Hausa

Tambayar nan ta "mene ne mutum, kuma wa ke da iko da shi?" tsohuwar tambaya ce wadda masana falsafa suka daɗe suna kai da komowa a kanta. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi ta ta hanyar tarihi, mu ga amsar da al'ummar Hausawa ta riƙa bayarwa a aikace, watau a gona da kasuwa da gaban alƙali.

Bari mu fara da harshe. Kalmar da Bahaushe ke kiran sashen jikinsa na sama da ita, watau kai, ita ce kuma yake nuna zatinsa da ita in ya ce "ni kaina". Daga nan aka sami son kai, da girman kai, da kamun kai, da sanin ciwon kai. Amma akwai guda ɗaya da ta fi sauran ban mamaki, ita ce fansar kai. A kowane ciniki akan sami mai sayarwa da mai saye da haja. A fansar kai kuwa mai saye shi ne hajar. Yadda aka yi al'umma ta yarda da irin wannan ciniki, har ta tsara masa ƙa'idoji, shi ne abin da muke son mu gane.

A tunanin Hausawa na dauri, wanda Joseph Greenberg ya tarar da ragowarsa wajen Maguzawan ƙasar Kano ya kuma bayyana a littafinsa na 1946, mutum ba dunƙulallen abu ba ne. Yana da jiki, yana da rai, yana kuma da kurwa, wadda aka yi imani maye yana iya kamawa, mai ita ya yi ta ramewa har ya mutu in ba a sake ta ba. A bori ma ana kiran ɗan bori doki, mace kuma goɗiya, domin iska ce ke hawa, kuma abin da bakinsa ya furta a lokacin hawan ba a ɗauka maganarsa ce ba. Ke nan kai wani abu ne da za a iya kamawa, ko a ture shi gefe na ɗan lokaci. Tsarin noma ma haka ya nuna. Saurayi ko magidanci da ke cikin gandu ƙarfinsa na gandu ne, sai ɗan lokacin da aka ware masa ya je gayaunarsa. Abin da gayauna ta ba shi shi ne nasa na kansa. Mu riƙe wannan batu na gayauna, za mu komo gare shi.

Musulunci ya zo da wani fasali dabam. A littafin Ihya'u na Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma malaman ƙasar nan suka daɗe suna karantawa, an bambance kalmomi huɗu: kalbu da ruhu da nafsu da akalu. Hausa ta haɗa aikin kalbu da na nafsu ta ɗora wa zuciya, shi ya sa zuciya ce ke tsarkaka, ita ce kuma ake yaƙi da ita in an ce son zuciya. Abin da ya fi muhimmanci ga bincikenmu shi ne hukuncin cewa duk baligi mai hankali mukallafi ne, shi kaɗai zai tsaya ya amsa abin da ya aikata. Gandu ba ya ɗaukar masa, iska ba ta ɗaukar masa, ubangidansa ma ba ya ɗaukar masa.

Wannan hukunci yana da hannu a tashin jihadi. Bautar da Musulmi 'yantattu tana cikin manyan laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tuhumi sarakunan Haɓe da su. Harin da mayaƙan Yunfa, Sarkin Gobir, suka kai wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, da ƙwato kamammun da mutanen Shehu suka yi lokacin da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, suna cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Masu jihadi sun yi jayayya ne a kan wanda ya halatta a bautar, ba a kan bautar kanta ba. Daular da suka kafa ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙasashen bayi na ƙarni na 19. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 bayin da ke cikinta sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5.

To, a nan ne tufka ta haɗu da warwara. Bawan da ke rinji dukiya ne, ana sayar da shi, ana gadonsa, ana ba da shi kyauta. Amma in Musulmi ne salla da azumi suna kansa, kuma a mazhabar Malikiyya yana iya mallakar dukiya, ko da yake ubangidansa na iya karɓe ta. Shi ma akan ba shi gayauna kamar ɗan gida. Daga wannan 'yar kafa aka sami murgu, watau bawa ya riƙa biyan ubangidansa wani abu ƙayyadadde, a sake shi ya je ya yi dako ko saƙa ko rini ko fatauci. Wanda Allah ya yi wa buɗi yakan tara abin da ya ragu, a yanka masa kuɗin fansa, ya biya a hankali. A ganinmu ma'anar wannan tsari ita ce shari'a da al'ada sun amince cewa cikin bawa akwai wani sashe da ciniki bai taɓa ba, kuma wannan sashen ne yake tsayawa ya sayi sauran.

Ba kowane bawa ne ya nemi wannan ciniki ba. Manyan bayin sarki a Kano, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, suna da dawaki da barori da ƙasar da suke kula da ita, kuma 'ya'ye da yawa sukan durƙusa su gaishe su. Ga irin waɗannan, fansa na iya zama saukowa. Wannan ya nuna mana cewa Bahaushe bai haɗa mutunci da 'yanci a ma'auni ɗaya ba. Abin lura ne kuma cewa halaye goma da Kirk-Greene ya lissafa wa mutumin kirki a 1974, tun daga gaskiya da amana har zuwa hikima da adalci, babu ɗaya da ya dogara ga asali. Amma in batun aure ya taso, ko na sarauta, asalin ne ake fara tonowa, a ce wane bacucane ne.

Da Turawa suka zo ba su rushe wannan tsari nan take ba. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce duk ɗan da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba ta mai da riƙe bawa laifi ba. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, gwamnati ta ji tsoron kada rinjoji su watse, noma da haraji su faɗi, sai ta rungumi murgu da fansa ta mai da su hanyar hukuma: bawa ya je kotun alƙali, a tsai da kuɗi, ya biya, a ba shi takarda. Watau nauyin 'yantarwa aka ɗora wa bawan da kansa. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Nijeriya ta Arewa.

Takarda kuwa ba koyaushe take kashe magana ba. A Nijar, inda Faransa ta yi dokar hana bauta a 1905, sai a 2003 aka sanya bautarwa cikin manyan laifuffuka. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 a 1996 a yankin Birnin Ƙonni, ta karɓi takardar 'yanci a 2005, amma wanda ya saye ta ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta bisa laifin aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tana zaune a Yamai, ta yanke hukunci cewa an bautar da ita, gwamnatin Nijar kuma ta kasa kare ta, ta kuma umurci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.