Me ya sa wayar Kawu ta daina karɓar sabon Android?

1/ Satin da ya wuce Kawu ya aiko min wayarsa daga Tsaskiya, wai manhajar bankinsa ta ƙi buɗewa. Waya lafiya lau, gilashi bai fashe ba, batir na riƙe caji. Android ɗinta ne ya tsufa, kuma babu sabo da zai zo mata. Ku zo mu bi tarihin abin.

2/ Wayar Android ta farko, HTC Dream, ta fito a 2008, kuma tun lokacin matsalar take. Google ne ke rubuta Android, amma ba shi ke turo maka ba. Sai ya bi ta hannun masu ƙera injin wayar, irin su Qualcomm, MediaTek da Unisoc, su daidaita shi da injinsu. Sannan mai wayar ya ɗora nasa kwalliyar, kamar HiOS na Tecno ko XOS na Infinix, ya gwada, ya sake.

3/ Idan mai inji ya ce ya gama da wannan injin, shi kenan, magana ta mutu. Kuma kowane mataki kuɗi ne. Kamfanin da ya sayar maka da waya mai araha ya riga ya ci ribarsa ranar da ka biya. Injiniyan da zai zauna gyaran tsohuwar waya, gara masa ya sa shi kan sabuwa.

4/ Apple bai da wannan dogon layin. Shi ke tsara injin, shi ke rubuta iOS, shi ke turawa.

5/ Google ya sha gwada gyara fa. A 2011 ya tara kamfanoni suka yi alkawarin wata 18 na sabuntawa, abin ya bi iska. A 2014 ya kawo Android One, har ya iso Najeriya a Agustan 2015 da Infinix Hot 2. Wa ke maganarsa yau?

6/ Abin da ya tsorata kowa shi ne Stagefright, a Yulin 2015: wata ɓaraka da saƙon MMS guda zai iya buɗe wa ɓarawo wayarka. An ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950. Daga nan aka fara facin tsaro na wata-wata. A 2017 Project Treble ya raba Android da ɓangaren masu inji don aikin ya yi sauƙi. Ya yi sauƙin, amma ba a tilasta wa kowa ba.

7/ Kada 'yan iPhone su fara dariya. A Disamban 2017 Apple ya amsa cewa sabuntawarsa na rage gudun wayoyin da batirinsu ya tsufa. Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020.

8/ Mu a nan akwai ƙarin nauyi. Sabuntawa na cin data mai yawa, tana son sabis mai ƙarfi da cikakken caji. A Satumban 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, aka yi watanni a haka. Wanda yake neman inda zai kira ɗan'uwa ya ji ko yana lafiya, ina ruwansa da faci? Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ya tura har dattawa ga tiransifa ta waya. Wato kuɗin mutum ya koma cikin wayar da aka daina yi wa gyaran tsaro. Nan ne abin ke damuna wallahi.

9/ A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba. A watan ne Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24. Tarayyar Turai kuma, daga Yunin 2025, ta wajabta shekara 5 na sabuntawa bayan an daina sayar da samfurin. Masu tsada da masu doka a bayansu ne suka samu.

10/ Na shiga saitin wayar Kawu na duba ranar facin tsaronta na ƙarshe, shekaru sun ja. Na kira shi na ce kafin mu haɗa kuɗin wata, ya riƙa amfani da lambar banki ta bugawa ko ya je wurin mai POS. Ya ce, "To ita wannan ɗin fa?" Na ce ta kira da tocila ce yanzu, Kawu.