Garba Lawal da Ma'aunin da Muke Auna 'Yan Ƙwallo da Shi

A gidajen kallo na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa a kudancin Katsina, idan musu ya kaure a kan manyan 'yan wasan da Najeriya ta taɓa yi, sunayen da ake kamawa ba sa wuce Okocha, Kanu, Yekini, wani lokaci Oliseh ko Babangida. Da wuya a ji an ambaci Garba Lawal, wanda ake kira Cindo, duk da cewa an haife shi a Kaduna, jihar da ta yi iyaka da Sabuwa, ranar 22 ga Mayu, 1974. Wannan mantuwa ta samo asali daga ma'aunin da muke amfani da shi, wanda ya ta'allaƙa a kan yawan cin ƙwallo, yanka, da girman kulob ɗin da mutum ya buga wa. Matsayin wannan maƙala shi ne ma'aunin gurgu ne, kuma idan aka auna Garba Lawal da abin da ya kamata, wato amincewar masu horarwa da kuma abin da ya yi a lokacin da wasa ya yi tsanani, yana cikin sahun gaba na 'yan wasan zamaninsa.

Hujja ta farko ita ce daɗewarsa a ƙungiyar ƙasa a wani zamani da ba a daɗewa. Yana cikin tawagar da ta ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ƙarƙashin Jo Bonfrere. Bora Milutinovic ya tafi da shi gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa. Bonfrere ya sake ɗaukarsa a gasar cin kofin Afirka ta 2000, Shu'aibu Amodu ya ɗauke shi a ta 2002 a Mali, Christian Chukwu a ta 2004 a Tunisiya, Augustine Eguavoen kuma a ta 2006 a Masar. Abin da ya fi jan hankali shi ne abin da ya faru tsakanin gasar Mali da gasar cin kofin duniya ta 2002. An sallami Amodu, aka kawo Festus Onigbinde, shi kuma ya yi wa ƙungiyar garambawul har ya ajiye kyaftin Sunday Oliseh da Finidi George. Garba Lawal ya tsira, ya tafi Koriya da Japan. Masu horarwa shida ke nan, Turawa biyu da 'yan gida huɗu, kowa da salonsa, wasu ma sun zo ne da niyyar rushe abin da na baya ya gina, amma dukansu suka ga ba za su iya yi ba tare da shi ba. Mai horarwa aikinsa ne ke kan siraɗi a kowane wasa, ba ya saka ɗan wasa don kunya ko tausayi har na tsawon shekara goma.

Hujja ta biyu tana cikin ƙwallayensa. Ba su da yawa, amma a duba inda suka faɗo. Ranar 13 ga Yuni, 1998, a birnin Nantes, a wasan farko na Najeriya a gasar cin kofin duniya, Sifaniya tana gaba da ci biyu da ɗaya bayan Raul ya ci jim kaɗan da dawowa hutun rabin lokaci. A minti na 73 Garba ya kutsa ta ɓangaren hagu har kusa da layin ƙarshe, ya shimfiɗo ƙwallo a ƙasa da ƙafar hagu, mai tsaron gida Andoni Zubizarreta ya miƙa hannu zai tare, sai ya tura ta cikin ragarsa. An rubuta ƙwallon a matsayin cin gida. Minti biyar bayan haka Oliseh ya yi wannan bugun daga nesa da har gobe ake nunawa a talabijin. Kowa yana tuna bugun Oliseh, kuma ya cancanci a tuna shi, amma da Garba bai farke ba, da bugun Oliseh kunnen doki kawai zai kawo. A littafin ƙididdiga sunan Zubizarreta ne a wurin, wanda ya yi aikin kuwa babu shi. A nan ake ganin yadda alƙaluma suke cin haƙƙin irin waɗannan 'yan wasa.

Haka abin ya ci gaba. A Bamako a 2002, a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, Najeriya da Gana sun riƙe wa juna wuya har saura kamar minti goma a tashi, Garba ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta raba gardama. A 2004, bayan Maroko ta doke Najeriya a wasan farko, shi ya buɗe ci a wasan ƙarshe na rukuni da Benin, aka tashi biyu da ɗaya. A Alƙahira a 2006 kuma, shi ya ci Senegal a wasan neman na uku. Gasar Afirka huɗu ya buga, ya dawo da lamba a kowacce: azurfa ɗaya, tagulla uku.

Mai musu zai ce, idan har ya kai haka, me ya sa bai taɓa buga wa babban kulob ba? Gaskiya ne, daga Julius Berger ya wuce Esperance ta Tunisiya, sannan ya yi shekara shida a Roda JC ta ƙasar Holan daga 1996 zuwa 2002, kafin Levski Sofia ta Bulgeriya da wasu ƙananan kulob. Babu Arsenal, babu Ajax. Sai dai Roda sau biyu kacal ta ci kofin ƙalubale na Holan a tarihinta, a 1997 da 2000, kuma duka biyun a shekarun da Garba yake can ne. Bayan haka, kasuwar 'yan wasa ta wancan lokaci ba ta san darajar mai aikin ɓoye ba. Real Madrid da kanta ta saki Claude Makelele zuwa Chelsea a 2003 saboda tana ganin ba ya cin ƙwallo kuma ba ya burge 'yan kallo, daga baya aka riƙa kiran wurin da yake bugawa da sunansa. Idan kulob irin wannan ya yi kuskuren auna ɗan wasa, bai dace mu ɗauki hukuncin kasuwa a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Akwai kuma batun abin da ake nunawa: gidajen kallonmu gasar Ingila da ta Sifaniya suka fi haskawa, gasar Holan kusan ba a ganinta, don haka abin da ido bai gani ba baki bai yaba ba.

Wani zai ce ai ɗan cike gurbi ne, yau a gefen hagu, gobe a tsakiya, jibi a baya, ba shi da wurin da ya ƙware. Wannan suka ta juya gaskiya. Ƙungiyar da take da Okocha, Kanu da Finidi tana da masu son riƙe ƙwallo da yawa, abin da take nema shi ne wanda zai koma baya idan an ƙwace, ya toshe gurbin da gwanaye suka bari, ya karɓa ya bayar ba tare da jinkiri ba. Yin haka a wurare uku yana buƙatar fahimtar wasa fiye da yin sa a wuri guda. Kamar azara ce a rufin soro, ba a ganinta daga waje, amma ita ke ɗauke da nauyin.

Suka mafi nauyi ita ce wadda ake raɗawa, cewa rabon yanki ne ya riƙe shi, don a ce akwai ɗan Arewa a ƙungiya. Ba a musun cewa siyasa tana shiga harkar ƙwallon Najeriya. Amma rabon yanki iyakarsa ya sa sunan mutum a jerin tawaga, ba zai sa Milutinovic, Bature ɗan Sabiya, ya saka shi a wasan farko na gasar duniya da Sifaniya ba, kuma ba zai ci Gana a Bamako ba. Akwai kuma hatsari a ɓangarenmu, kada mu yabe shi don kawai namu ne. Hujjojin da aka kawo a sama za su tsaya daram ko da daga Enugu ya fito.

Abin yana da muhimmanci ga yankin kudancin Katsina musamman. Yaran da suke buga ƙwallo a filayen firamare na Faskari da Ƙanƙara da yamma, a garuruwan da rashin tsaro ya taƙaita musu abubuwa da dama, duk lamba goma suke son sawa, saboda ita kaɗai suka ji ana yabo. Kaɗan ne daga cikinsu za su iya yankan Okocha, amma da yawa suna iya koyon juriya, natsuwa da karanta wasa, kuma Garba ya nuna cewa wannan hanya tana kai mutum gasar cin kofin duniya har sau biyu. Ya kamata masu horar da yara a waɗannan garuruwa, da masu sharhin wasanni a gidajen rediyon Katsina da Kaduna, su riƙa kawo wasansa da Sifaniya da na Gana a matsayin darasi, tun yana raye ana iya gayyatarsa ya yi bayani da bakinsa.