Kula da Lafiyar Ma'aurata a Tsakanin Ma'aikatan Sharaɗa da Chalawa da Bompai

Gabatarwa

Unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Chalawa su ne manyan wuraren aikin kamfani a Jihar Kano. Bompai, wadda ta fi daɗewa, tana Ƙaramar Hukumar Nasarawa. Sharaɗa mai rukuni uku tana kudu da tsohon birni. Ita kuwa Chalawa tana Ƙaramar Hukumar Kumbotso. A nan ake jimar fatu da sarrafa robobi da kayan saƙa da na abinci. Da yawa daga cikin ma'aikatan wuraren mutanen karkara ne, waɗanda suke barin iyali a ƙauye, su kama ɗaki a gari, sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata su leƙa gida. Sabili da haka, lafiyar leburan kamfani ita ce lafiyar matarsa da 'ya'yansa a ƙauye. Mun shirya wannan bayani ne domin ma'aikata da iyalansu, da kuma hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai da jami'an ƙananan hukumomi 44 na jihar nan.

Mece ce lafiyar ma'aurata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa lamarin ya wuce rashin cuta a al'aura kawai. Ya haɗa da natsuwar jiki da ta zuciya, da mutunta juna, da zama babu tilastawa ko cutarwa. Wannan ya yi daidai da tarbiyyarmu, domin tun a makarantun zaure malamai suke karantar da hukuncin haila da janaba da haƙƙoƙin miji da mata a fili. Kunya ado ce, amma kunyar da za ta hana mutum zuwa asibiti ba ta da wani amfani. Hausawa ma sun ce mai ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi.

Cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, fiye da mutum miliyan ɗaya ne suke kamuwa da irin waɗannan cututtuka masu jin magani a kowace rana a duniya. Waɗanda aka fi sani a nan su ne ciwon sanyi da tunjere. Alamunsu sun haɗa da zafi wajen fitsari, fitar mugunya ko ruwa mai wari, gyambo ko ƙuraje a gaba, da ciwon mara. Sau da yawa mace ba ta ganin wata alama har sai cutar ta toshe hanyar ƙwai, a wayi gari haihuwa ta gagara, a ɗora mata laifin da ba nata ba. Tunjere kuwa yana iya jawo ɓari ko haihuwar ɗa babu rai.

Waɗannan cututtuka suna warkewa sarai idan likita ya duba, aka sha magani har ƙarshe. Sayen kafso biyu ko uku a kemis ba ya kashe cutar, sai dai ya ƙara mata taurin kai. Wajibi ne kuma a yi wa miji da mata magani a lokaci guda, in da kishiyoyi a haɗa da su, in ba haka ba cutar za ta riƙa zagayawa a cikin gida.

Cutar ƙanjamau

An ba da rahoton farko na wannan cuta a Nijeriya a 1986. Babban binciken da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar, wato kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasa baki ɗaya idan aka haɗa manya da yara. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin kashi 0.6 ne cikin 100. Ko da yake wannan ya yi ƙasa da na sauran shiyyoyi, a jiha mai yawan jama'a irin tamu mutane ne masu ɗimbin yawa.

Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar saduwa, ko ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko allura da aska da reza da aka yi wa wani aiki da su, ko daga uwa zuwa jariri. Ba a ɗaukar ta ta musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro, ko aiki a kan inji ɗaya. Muna kira ga wanzamai da masu yankan farce da su riƙa sa sabuwar reza ga kowane mutum.

Tun daga 2006 Gwamnatin Tarayya ta mayar da maganin rage kaifin cutar kyauta a asibitocin gwamnati. Maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, amma wanda yake shan sa kullum yakan yi rayuwa mai tsawo cikin ƙoshin lafiya. Bincike ya kuma tabbatar da cewa idan ƙwayar ta ragu har awo ya kasa gano ta a jini, mutum ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Mai juna biyu da ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan kamu; da magani kuwa adadin yana komawa ƙasa da 5. Wanda aka yi wa fyaɗe, ko allurar da aka yi wa wani ta soke shi, ya garzaya asibiti kafin awa 72, domin akwai maganin kariya na kwana 28. Kamun kai da tsayawa ga iyali su ne babbar garkuwa, sannan likita kan ba ma'aurata shawarar kwaroron roba idan ɗayansu yana ɗauke da cuta.

Gwaji kafin aure

Tun lokacin da aka fara auren zawarawa na gwamnati a 2012, Hukumar Hisba take gindaya sharaɗin gwajin lafiya. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwaji kafin ɗaurin kowane aure a jihar. Gwajin ya ƙunshi ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da rukunin jini mai nuna amosanin jini, wato sikila. Wanda ya saɓa yana iya fuskantar tara har Naira 500,000, ko ɗauri, ko duka biyun. Dokar ta kuma hana tsangwamar masu ɗauke da waɗannan cututtuka.

Ya kamata waliyyai su sani cewa idan namiji da mace duka suna da rukunin AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Gara a yi gwaji tun kafin a kai kuɗin aure a sa rana, domin in an sami matsala a warware cikin sirri da mutunci. Liman kuma ya nemi ganin takardar asibiti kafin ya ɗaura aure.

Haƙƙin ma'aikaci a kamfani

Dokar Tarayya ta 2014 mai hana nuna bambanci ga masu ƙanjamau ta haramta korar ma'aikaci, ko hana shi aiki, saboda yana ɗauke da ƙwayar. Ta kuma hana tilasta gwaji a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki, da bayyana sakamakon mutum ba da izininsa ba. Har ila yau, Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, tare da aƙalla rabin albashi idan ta cika wata shida a bakin aiki, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. Mai juna biyu da ke aiki kusa da sinadaran jima ko na fenti ta sanar da ma'aikatan awon ciki, domin a nema mata canjin wurin aiki.

Magungunan ƙarfi da kayan mata

A bakin ƙofar kamfanoni da tashoshin mota ana tallar maganin ƙarfin maza iri-iri. Wasu daga cikinsu, ko da an ce na gargajiya ne, an gauraya su da maganin asibiti ba bisa awo ba, kuma suna da haɗari ga mai ciwon zuciya ko hawan jini. Haka nan tiramadol da wasu leburori ke sha don jure aiki tana jawo jijjiga da sabo, daga baya ta raunana mazakutar da ake neman ƙarawa. Raunin namiji yakan zama alamar ciwon sukari ko hawan jini, don haka awo ya kamata a fara yi. Su ma mata su guji matsi da abin da ba a san haɗinsa ba, domin yana ƙona fata ya buɗe wa cuta hanya.

Lafiyar uwa da 'ya'ya mata

Masana sun ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyu ta shayarwa da addini ya ambata. Doguwar naƙuda a gida ita ce babban dalilin yoyon fitsari. Larurar tana gyaruwa, kuma akwai cibiyar Laure a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad domin wannan aiki. A yi wa jariri allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. A watan Oktoba na 2023 kuma aka fara rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Kano tana cikin jihohin farko.

Inda za a nufa

Ana samun gwaji da shawara cikin sirri a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nasarawa kusa da Bompai, da Asibitin Zana, da manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Mutanen karkara su fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, daga nan za a tura su gaba in da buƙata.

Kammalawa

Muna roƙon shugabannin al'umma da su karanta wa jama'arsu wannan bayani a majalisu da masallatai, su kuma rufa asirin duk wanda ya kawo musu damuwarsa. Masu kamfanoni su ba ma'aikaci damar zuwa karɓar magani ba tare da yanke masa lada ba. Magidanci kuwa ya raka iyalinsa awon ciki, a gwada su tare. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.