Tarihin firam ɗin tabarau: daga ƙaho da katako zuwa roba

An fara ƙera tabarau a arewacin Italiya wajen shekarar 1286. Matsalar da ta daɗe tana damun masu sana'ar ita ce yadda gilashin zai zauna a fuska, kuma sai da aka shafe fiye da shekaru 400 kafin a shawo kanta.

Firam na farko zobba biyu ne na katako, ƙashi ko ƙaho, kowanne da ɗan mariƙi, aka haɗa mariƙan da ƙusa ɗaya, yana buɗewa kamar almakashi. Mai karatu kan ɗora shi a karan hanci ko ya riƙe da hannu. Da zarar ƙusar ta saki, sai ya zame. Irinsa ne a hancin malamin coci Hugues de Saint-Cher a zanen da Tommaso da Modena ya yi a garin Treviso a 1352. A 1953 kuma aka tsinci wasu na katako a ƙarƙashin daɓen wani gidan mata masu ibada a Wienhausen ta Jamus, kuma suna cikin mafi tsufa da suka rage a duniya.

Daga baya aka koma firam mai gada ɗaya a kan hanci, wanda ke buƙatar abu mai lanƙwasuwa ya dawo: jemammiyar fata, ko wayar tagulla da maƙeran Nuremberg suka riƙa yi da yawa, da araha. A Sifen an ɗaura zare ana rataya shi a kunne. Hannuwa masu ƙarfi sun bayyana ne a Landan wajen 1730, ana danganta su da Edward Scarlett, sai dai gefen kai suke matsewa, ba su kai bayan kunne ba.

Masu hali sun fi son azurfa, zinariya da ƙoƙon bayan kunkurun teku, wanda ba shi da nauyi kuma zafi kaɗan ke lanƙwasa shi. Kunkurun ne ya ji jiki: farautarsa don yin tabarau, mataji da kayan ado ta rage yawansa ƙwarai, har yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1977. Robar seluloyid da ta kwaikwayi launinsa tun ƙarshen ƙarni na 19 tana saurin kama wuta, shi ya sa asetet ta maye gurbinta. Launin ruwan ƙasa mai ɗige-ɗige da ake gani a tabarau na kasuwa yau kwaikwayon bayan wannan kunkuru ne.