Abin da ya kamata iyaye da ɗalibai su sani kan ɓoyayyen sashen intanet

Ɓoyayyen sashen intanet, wanda aka fi sani da "dark web", rukunin shafuka ne da Google ba ya nuna su, sai da manhaja ta musamman irin Tor ake shiga. Tor ta samo asali ne daga binciken rundunar sojin ruwan Amurka a shekarun 1990, kuma tana ɓoye mai amfani da ita ta hanyar bi da saƙonsa ta kwamfutoci da dama.

Ba duk masu shiga ne miyagu ba, domin BBC ma ta buɗe shafi a can a 2019. Sai dai ɓoyon ya jawo masu laifi. A 2013 hukumar FBI ta rufe kasuwar Silk Road saboda cinikin miyagun ƙwayoyi.

A Sabon Tasha da Kafanchan, kamar sauran wurare, iyaye kan ɗauki lamarin a matsayin abu mai nisa, yayin da wasu ɗalibai ke ganin hanya ce ta samun kuɗi cikin gaggawa ko tambayoyin jarrabawa. Haɗarin kuwa a kusa yake: ɗalibin da ya miƙa lambar BVN ko NIN ga mai alkawarin amsoshin WAEC ko JAMB, bayanansa na iya ƙarewa a irin waɗannan kasuwanni.

Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ga masu satar bayanan jama'a da damfara.