Eric von Schmidt: Mawaƙi Kuma Mai Zanen Littattafan Yara

Eric von Schmidt (1931–2007) mawaƙin gargajiya ne ɗan Amurka, kuma mai zanen hotuna. Yana cikin waɗanda suka farfaɗo da tsofaffin waƙoƙin talakawan Amurka a garin Cambridge na jihar Massachusetts a shekarun 1950 da 1960. Waƙa ce ta fito da sunansa, amma zane shi ne sana'ar da ya gada, shi ne kuma hanyar abincinsa.

Tasowarsa

An haife shi ranar 28 ga Mayu, 1931 a Bridgeport ta jihar Connecticut, ya girma a Westport. Mahaifinsa, Harold von Schmidt, fitaccen mai zane ne da ya shahara da hotunan dawaki da makiyayan yammacin Amurka, waɗanda mujallar Saturday Evening Post take bugawa. A gaban uban ya fara riƙe burushi. Yana saurayi ya ji muryar Lead Belly a rediyo, wani baƙar fata mai kaɗa jita mai tsirkiya 12, daga nan son waƙa ya shige shi. Ya dinga bin tsofaffin faya-fayai na mutanen karkarar kudancin Amurka, yana hardacewa. Daga baya ya sami tallafin karatu na Fulbright ya je Florence ta Italiya ya ƙaro ilimin zane.

Zamanin Cambridge

A 1957 ya tare a Cambridge. A lokacin ɗalibai sun fara cika gidajen shan gahawa, musamman Club 47, don sauraron waƙoƙin gargajiya. Ya girme yawancinsu, ga shi da tarin waƙoƙin da ba su taɓa ji ba, kuma ba ya rowarsu. Gidansa ya zama matattara: a yi kiɗa, a yi hira, kowa ya tafi da abin da ya tsinta.

Cikin waɗanda suka tsinta har da Bob Dylan. A faifansa na farko na 1962, kafin ya fara waƙar "Baby, Let Me Follow You Down", Dylan ya ambaci sunan von Schmidt ya ce a wurinsa ya fara jin ta. Wannan ambato ya kai sunansa inda muryarsa ba ta kai ba. A Janairun 1963 von Schmidt ya naɗi faifai a Landan tare da Richard Fariña, Dylan ya taya su a ƙarƙashin sunan ɓoye. Faifansa The Folk Blues of Eric von Schmidt, shi ma na 1963, yana cikin kayan da ake gani a hoton bangon faifan Dylan na 1965, Bringing It All Back Home.

Waƙar von Schmidt da ta fi yawo ita ce "Joshua Gone Barbados", a kan yajin aikin masu saran rake a tsibirin Saint Vincent da shugaban gwamnatin tsibirin, Ebenezer Joshua. Tom Rush da Johnny Cash duk sun rera ta.

Littattafan yara

A waɗannan shekarun ne dai ya kama aiki da marubuci Sid Fleischman. Ya zana hotunan Mr. Mysterious & Company (1962), labarin wani mai rufa-ido da ke yawo da iyalinsa cikin keken doki. Sai By the Great Horn Spoon! (1963), labarin yaro Jack da baran gidansu Praiseworthy, waɗanda suka bar Boston cikin jirgin ruwa zuwa neman zinariya a Kalifoniya a 1849. Chancy and the Grand Rascal ya biyo baya a 1966. Labaran Fleischman cike suke da barkwanci, da 'yan damfara, da masu cika baki, irin mutanen da von Schmidt ya saba da su a cikin waƙa, don haka alƙalaminsa bai sha wuyar fito da su ba.

Ya kuma wallafa nasa, irin su Come for to Sing da The Young Man Who Wouldn't Hoe Corn, wanda ya gina a kan wata tsohuwar waƙa ta malalacin manomi. Shi ya ƙawata littafin waƙoƙin Joan Baez na 1964, ya zana bangon faya-fayan mawaƙa da dama.

Ƙarshen rayuwarsa

Da ya manyanta, ya koma ga manyan zane-zanen tarihi. Here Fell Custer na 1976 yana nuna Yaƙin Little Bighorn na 1876, inda mayaƙan Lakota da Cheyenne suka murƙushe rundunar George Custer; ya daɗe yana bincike kafin ya zana shi. A 1979 shi da Jim Rooney suka fitar da littafin tarihin mawaƙan Cambridge. Ciwon daji na maƙogwaro ya raba shi da waƙa a ƙarshen rayuwarsa, amma bai bar zane ba, ya shiga zana jerin hotunan manyan mawaƙan blues. Ya rasu ranar 2 ga Fabrairu, 2007 a Fairfield ta jihar Connecticut, yana da shekara 75.