Ambaton Madogara a Rubutun Tarihin Kurfey

Ambaton madogara shi ne marubuci ya nuna inda ya samo kowane bayani, domin mai karatu ya iya bin sawu ya tabbatar. Tsarin APA, wanda ya samo asali a Amurka a 1929, yana sa sunan marubuci da shekara cikin rubutu. Ɗalibin da ke nazarin ƙungiyar masu bori ta Hauka da ta ɓulla a yankin Filinge na ƙasar Kurfey wajajen 1925, in ya dogara da littafin Finn Fuglestad kan tarihin Nijar, sai ya rubuta (Fuglestad, 1983), ya ƙara lambar shafi idan kalmomin marubucin ya ɗauko.

Wahalar tana wajen tarihin baka, kuma mafi yawan tarihin Kurfey a bakin dattawa yake. APA yana barin hirar da ba a adana ba cikin rubutu kawai, ba ta shiga jerin madogara. Tsarin Shikago, mai bayani a ƙasan shafi, ya fi yi wa mai ba da labari adalci: sunansa, garinsu, kamar Shikal, da ranar hirar duk suna fitowa. Faifan da ke ajiye a CELHTO, cibiyar nazarin tarihin baka da ke Yamai, kuwa, ana haɗawa da lambar ajiyarsa.